Kasuwar da Ake Cinikin Kiɗa da Rawa

   

Yau kasuwa za mu ci. Amma kada kowa ya ɗauko buhu ko kwando. Kasuwar da za mu shiga ba a auna hatsi a cikinta. Ba a kasa tumatir. Ba a buɗe bakin rago a duba haƙora. Hajar da ake bajewa a can ita ce kiɗa, da waƙa, da rawa, da wasan kwaikwayo, da tatsuniya, da barkwanci. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai mai saye. Ana tayawa, ana cewa albarka, ana sallamawa.

Shirin namu kashi huɗu ne. Da farko za mu ji mece ce wannan kasuwa, kuma a ina take ci. Na biyu, su wane ne 'yan kasuwar. Na uku, yadda ake cinikin. Na huɗu, guzurin da mai fasaha zai riƙe, da ramukan da ke kan hanya. Ku gyara zama.

Kashi na farko: mece ce kasuwar fasaha?

Mu fara daga gida. Malam mai sauraro, a ce za ka aurar da 'yarka, kana son makaɗi. Yaya kake yi? Ka san gidansa, ko ka san wanda ya san shi. Ka aika masa da goron gayyata. Ka ba da kafin alƙalami. Ranar biki ya zo ya yi wasa, jama'a su yi liƙi, kowa ya watse. Wannan tsari yana aiki, domin ka taɓa ganin wasan mutumin da idonka. Ko kuma wanda ka yarda da shi ya gani.

To yanzu mu ɗaga kai mu dubi nesa. Ga wata mata a Dakar, ita ke shugabantar wani gidan wasa. Tana da kujeru ɗaruruwa da za ta cika kowane mako. Ga wani mutum a Rabat, shi ke shirya bikin kiɗa na shekara-shekara. Yana neman sabuwar murya da mutanensa ba su taɓa ji ba. Ga kuma wata ƙungiyar makaɗa a Maraɗi ko Katsina, gwanaye ne na gaske. Ta yaya waɗannan ɓangarori uku za su san juna? Matar Dakar ba za ta iya bin gari-gari tana neman gwani ba. Kuma ba za ta yi cinikin biri a sama ba. Sai ta gani.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne. A tara su duka a gari ɗaya, a mako ɗaya. Masu wasa su nuna samfurin abin da suka iya. Masu gayyata su zauna su kalla. Dillalai su shiga tsakani. Wannan ita ce kasuwar fasaha.

A nan sai mu bambance abu biyu, domin ana yawan haɗa su. Biki daban, kasuwa daban. Manyanmu suna tuna FESTAC na 1977, da aka yi a Legas, aka yi hawan dawakinsa a Kaduna. Wannan biki ne. An zo an nuna al'ada, an burge duniya, an koma gida. A biki, mai wasa yana yi ne don 'yan kallo. A kasuwa kuwa, yana yi ne don mutumin da zai ɗauke shi aiki baɗi. Ku riƙe wannan. Biki daban, kasuwa daban.

A yankinmu na Afirka ta Yamma, kasuwar da ta yi fice wajen wannan harka tana ci ne a Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa. Sunanta MASA. Ba masar da ake ci da miyar taushe ba. Haruffan farko ne na sunanta da Faransanci, ma'anarsa kasuwar wasannin dandali. An yanke shawarar kafa ta a 1990, a taron ministocin al'adu na ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, a birnin Liyej na ƙasar Beljiyam. Ta fara ci a 1993. Al'adarta ita ce ta ci duk bayan shekara biyu, ta yi kamar mako guda. Cibiyarta ita ce babban gidan al'adu da ke unguwar Treichville, a bakin ruwa.

Kasuwa sai da zaman lafiya. Lokacin da Kwaddibuwa ta shiga rikici, MASA ma ta ji a jikinta. Bayan cin da ta yi a 2007, sai da aka shekara bakwai ba a buɗe ta ba. Ta dawo a watan Maris na 2014. Karo na 13 an yi shi daga 13 zuwa 20 ga Afrilun 2024, kuma ƙasar Ruwanda ce babbar baƙuwa. Gwamnatin Kwaddibuwa, da hukumar birnin Abijan, da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, su ne ginshiƙan da ke riƙe da ita.

Abijan kuwa ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. 'Yan'uwanmu sun daɗe suna neman halaliyarsu a can. Abincin titi da ya fi farin jini a birnin, wato dambun rogo da soyayyen kifi, sunansa garba. Ana danganta sunan da mutanen Nijar da suka shahara wajen sayar da shi. Ka ga ke nan, mun riga mun san hanyar Abijan da kayan abinci. Saura mu san ta da kalangu da gurmi.

MASA ba ita kaɗai ba ce. A Rabat ta ƙasar Maroko akwai Visa For Music, da ke ci tun 2014, ta kiɗan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Akwai ACCES, da aka fara a Dakar a 2017, ita kuma tana yawo daga birni zuwa birni, har ta sauka a Akara a 2019. A Turai akwai WOMEX, da aka fara a Jamus a 1994. 'Yan fim ma suna da tasu, wato MICA, da ke ci tare da bikin FESPACO a Wagadugu. Sunaye daban-daban, amma manufa ɗaya: a haɗa mai kaya da mai saye.

Kashi na biyu: su wane ne 'yan kasuwar?

Mutum uku ne, kamar duwatsun murhu. In ɗaya ya kauce, tukunya ta kife.

Na farko shi ne mai kaya. Shi ne mai fasaha. Mawaƙi ne, ko makaɗi, ko ɗan rawa, ko ɗan wasan kwaikwayo. A MASA har da mai tatsuniya, da mai barkwanci, da mai wasan 'yartsana, da masu wasan tsalle-tsalle, da masu waƙar baka ta zamani da ake karantawa a gaban jama'a. Uwargida da ke yi wa jikoki gatanan gatananku bayan sallar isha'i, kin ji ko? Abin da kike yi kyauta a tsakar gida, wasu suna da dandamali a kansa, ana biyan su.

Na biyu shi ne mai saye. Mu kira shi mai gayya. Shi ne wanda yake da wuri, yake da 'yan kallo, yake da kasafin kuɗi. Shugaban gidan wasa mai gayya ne. Mai shirya bikin shekara mai gayya ne. Jami'in cibiyar al'adu ko na jami'a, shi ma haka. Kuma Hausawa sun ce mai gayya mai aiki. Shi zai yi talla, ya sayar da tikiti, ya tanadi fitila da lasifika. In zaure bai cika ba, shi ke da asara. Shi ya sa yake da tsantseni wajen zaɓe.

Na uku shi ne dillali, wato wakilin mai wasa. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san aikinsa. Makiyayi ya iya kiwo, amma bai san wanda ke neman bijimi yau ba. Dillali ya sani. Ya san farashi, ya san mai biya da wuri, ya san mai ja. Haka wakilin mai fasaha yake. Shi ke neman aiki, ya yi ciniki, ya tsara tafiya, ya bi takardu. Ladansa la'ada ce. A wannan sana'a yawanci tana kamawa daga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin wasa. Ku lura da kyau. La'ada daga kuɗin wasa take fita. In an samu ya samu. In ba a samu ba, shi ma ya tashi a tutar babu. Za mu dawo kan wannan magana.

Mai kaya, mai gayya, dillali. Duwatsun murhu uku.

Kashi na uku: yaya ake cinikin?

Cinikin yana farawa tun kafin a buɗe kasuwa. Watanni kafin ranar, masu shiryawa sukan fitar da sanarwa a intanet, su ce duk mai so ya nema. Mai fasaha ya cika takarda, ya tura bidiyon wasansa. Wani kwamitin masana ya zauna ya tace. Masu nema suna da yawa, gurabe kaɗan ne. Wanda aka zaɓa shi ake ba dandamali.

To ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da ake ba ka gajere ne. Sau da yawa bai wuce rabin sa'a zuwa minti 45 ba. Mu kuwa mun saba da wasa mai dogon zango. Makaɗinmu yakan fara da share fage, ya gai da manya, ya yi kirari, sai can tsakar dare wasa ya yi zafi. A kasuwar fasaha babu wannan sarari. Mai gayya yana zaune da takarda da alƙalami. Ya kalli wasa biyar kafin naka, akwai biyar bayanka. In minti goma na farko bai kama shi ba, zai tashi ya tafi wani zaure. Mai tsire yakan yanka maka ɗanɗano daga wuri mai daɗi, ba daga jijiya ba. Haka za ka yi. Ka sa mafi kyau a gaba.

Da dare ake yawan wasanni. Da rana kuma sai zaman rumfa. Ƙasashe da kamfanoni da ƙungiyoyi sukan kama 'yan rumfuna, su ajiye hotuna da takardu. Kowa yana rataye da kati a wuya, mai ɗauke da sunansa da aikinsa. Akwai kuma wani tsari na ganawar gaggawa. A ba ka minti goma da mai gayya ɗaya. Lokaci ya cika, ka koma teburi na gaba. A cikin minti goman nan sai ka faɗi ko kai wane ne, me kake yi, ku nawa ne, nawa ne kuɗinku. Mu da gaisuwa kaɗai kan ci mana minti biyar, sai mun yi atisaye tun daga gida. Akwai kuma zaurukan tattaunawa, inda ake bita kan haƙƙin mallaka, da biza, da hanyoyin samun jari.

Yanzu ga babban sirrin kasuwar yanki. Ku kasa kunne. A ce ƙungiyarku mutum takwas ce. Mai gayya ɗaya a Bamako yana son ku. Ya lissafa kuɗin jirgi na mutum takwas, da masauki, da abinci, duk don dare ɗaya. Sai ya ga ba zai iya ba. Tafiya a jirgi tsakanin ƙasashen Afirka tana da tsada, kowa ya sani. Amma a kasuwa yana zaune kusa da takwaransa na Wagadugu da na Dakar. Su ukun sun ga wasanku tare. Sai su ce, mu haɗa hannu. Ku zo sau ɗaya, ku yi wasa a garuruwa uku, mu raba kuɗin hanya. Abin da ya gagari mutum ɗaya, uku sun ɗauka. Kakanninmu fatake sun san wannan dabara. Ba a zuwa Gwanja da jaki ɗaya. Ayari ake haɗawa, a bi zango-zango. Kasuwar fasaha wurin haɗa ayari ce.

Sai dai a yi haƙuri. Ba a cika sa hannu a takarda a ranar ba. Gidajen wasa sukan tsara shirinsu shekara guda gaba, wani lokaci ma fiye. Wanda ya ga wasanka yau, wataƙila sai baɗi ko baɗin baɗaɗa zai kira ka. Saboda haka tafi ba ciniki ba ne. Zan maimaita. Tafi ba ciniki ba ne. Zaure zai iya ɗaukar sowa, ka dawo gida da katunan mutane hamsin, ba ko sisi. Aikin yana farawa ne bayan ka sauke jaka. Ka rubuta wa kowa saƙo a cikin makon. Ka tuna masa inda kuka haɗu. Ka tura masa bidiyo. Bayan wata biyu ka sake gaishe shi.

Kashi na huɗu: guzuri da ramukan hanya.

Ɗan'uwa mai fasaha, 'yar'uwa mai fasaha, ga guzuri biyar. Wanda yake kusa da takarda ya rubuta.

Na ɗaya, bidiyo. Gajere, mai tsabtar sauti, na wasan da aka yi a gaban jama'a. Ba wanda kwamfuta ta gyara murya ba. Mai gayya yana son ya san abin da zai gani a dandamalinsa.

Na biyu, taƙaitaccen tarihi a shafi ɗaya, da hotuna masu kyau. A rubuta da Ingilishi da Faransanci. A fassara ma'anar waƙoƙi a taƙaice. Ka yi waƙarka da Hausa, ba wanda ya ce ka sauya harshe. Amma ka ba baƙo ƙofar shiga.

Na uku, takardar buƙatun dandamali. Wato jerin abin da kuke buƙata don wasa ya yi kyau. Makirufo nawa? Faɗin fili nawa? Wa zai tsaya a ina? Wane kayan kiɗa za ku zo da shi, wane za a tanadar muku? Wannan takarda ita ke nuna wa ma'aikatan sauti cewa da ƙwararru suke hulɗa.

Na huɗu, farashi. Ka san kuɗinka kafin a tambaye ka. Mu mun saba da cewa, a ba da abin da ya sauwaƙa. A can wannan kunya ba ta da kasuwa. Ka lissafa ladan kowane yaro, da kuɗin atisaye, da la'adar dillali, sannan ka faɗi adadi.

Na biyar, fasfo mai sauran kwana, na kowa da kowa a ƙungiya, da katin rigakafin shawara. Sau da yawa gayyata takan zo, a rasa ta saboda fasfon mutum ɗaya ya mutu.

Yanzu ramuka. Rami na farko shi ne dillalin bogi. Zai kira ka, ya ce ya samo maka wasa a Turai, ka turo kuɗin biza da na rajista yau-yau. Ku tuna abin da muka faɗa ɗazu. La'ada daga kuɗin wasa take fita. Wanda ya matsa maka ka biya shi kafin ka ga takardar gayyata, ka ja da baya. Ka bincika sunan bikin. Ka tuntuɓi masu shi kai tsaye.

Rami na biyu, yarjejeniyar baka. A gida mutunci yakan isa shaida. A tsakanin ƙasashe sai takarda. A rubuta kuɗin wasa, da kafin alƙalami, da ranar biyan ciko. A rubuta wa zai biya jirgi, da masauki, da kuɗin abinci na kullum. A rubuta abin da zai faru in an fasa. A rubuta ko an yarda a ɗauki wasan a sayar. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. In ba ka jin harshen, ka nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka. Ka kuma yi rajistar ayyukanka a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasarka. Kai ma in ka karɓi kuɗi, ka cika alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Masu gayya sun san juna. Labarin wanda ya saɓa yakan riga shi isa gari na gaba.

Rami na uku ya fi zurfi, domin ba a ganin sa. Shi ne mutum ya sauya kansa don ya burge mai saye. An daɗe ana wannan muhawara a kasuwannin Afirka, domin da yawa daga masu gayya masu kuɗi daga Turai suke zuwa. Sai mai wasa ya fara tunanin abin da Bature ke son gani. Ya ƙara wuri da gashin tsuntsu a kayansa. Ya zubar da abin da mutanen garinsu suke ƙauna. Gyara wasa don ya dace da lokaci da dandamali, wannan ƙwarewa ce. Amma wanda ya je kasuwa da kayan aro, in an ce ya ƙaro, a ina zai samo? Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje. Bai ƙara masa tsirkiya ba.

Kafin mu rufe, ga saƙo ga wasu mutum biyu. Matashi da ke jin Hausa da Ingilishi, ko Hausa da Faransanci, kana iya rubutu, kana iya lissafi, amma ba ka iya waƙa ba: ga sana'a tana jiran ka. Gwanayenmu suna da yawa, wakilai masu amana ne suka yi ƙaranci. Ku kuma hukumomin al'adu na jihohinmu, kuna shirya bukukuwa kowace shekara, madalla. Ku ware yini ɗaya a ciki, ku gayyato masu gidajen wasa da masu shirya bukukuwa, ku zaunar da su da masu fasaha a teburi ɗaya. Daga Kano zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa Ƙonni, ayari ba sai da jirgi ba.

To jama'a, mu tattara. Biki daban, kasuwa daban. Duwatsun murhu uku ne: mai kaya, mai gayya, dillali. La'ada daga kuɗin wasa take fita. Tafi ba ciniki ba ne, sai an sa hannu.

In akwai makaɗi ko ɗan wasa a unguwarku da kuke cewa duniya ta yi asarar rashin jin sa, ku je ku same shi a daren nan. Ku tambaye shi abu biyu. Yana da fasfo? Yana da bidiyo mai kyau na minti biyar? In ya ce a'a, to kun san inda za a fara.

A nan za mu dasa aya.